Kuɗin Safinatu

A zauren mahaifinta a Dandin Mahe, Zuwaira ta durƙusa ta ajiye ƙulli a gaban Maniru, tsohon mijinta, wanda ya taso daga Bodinga neman kome. Kallo ɗaya ya yi wa ƙullin ya gane majanyin da take goya 'yarsu da shi.

Ya kwance ƙullin. Kuɗin ciyarwa ne da yake aikowa duk wata, ko roba ba a cire musu ba.

"Malam, har ciyawa ta rufe kabarin ɗiyar nan," ta ce, idonta a ƙasa. "Wa kake ciyarwa?"

Ya daɗe yana shafa majanyin. "Ranar da na daina aikowa, ranar za ta mutu a wurina. Ke mi ya hana ki taɓa su?"

Yarinyar 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa barin Zuwaira ta ambaci sunanta ba har aka binne ta.

"Na Safinatu ne," ta ce.

"Ki dawo ɗakinki, Zuwaira."

Ta janye majanyin ta rungume a ƙirjinta.

"Ba yanzu ba. Amma kada ka daina aikowa."