Furen da Sanda ta Kakkarya

Ka ce kullum kana ɗawainiya da naka, amma ba ka ga inda wahalar take zuwa ba. To, gyara zama ka ji misalin wani manomi.

Dattijo ne, irin mutanen nan da duk tsiron da ba ya shiga rumbu ko tukunya, a wurinsu sunansa ciyawa. Matarsa kuwa 'yar kan dutse ce, a wani ƙauye cikin kurmi aka haife ta, aure ne ya sauko da ita fili. Da tsufa ya zo mata sai ya biyo ta ido. Yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta kai ba ta shaida mutum sai ya matso dab da ita, kuma kowa a gidan ya san inda abin ya dosa. Ba ta yi raki ba. Abu ɗaya ta roƙa, wato kafin idon ya ƙarasa rufewa a kai ta dutsen garinsu, ta sake ganin jan furen nan da ake kira rumana, mai fitowa in damina ta kama. Ta ce suna yara akwai wani gangare can sama da kan yi ja wur da shi. Mijin ya yi mata tsiya, ya ce bai taɓa jin wanda ya hau dutse don gaida ciyawa ba. Amma maganar ta zauna masa a rai, don ya san baɗi war haka ba lallai ta ga ko tafin hannunta ba.

Da aka gama shuka, kafin noma ya taso, suka yi sammako da gorar fura. Shi ne a gaba ita a baya, yadda suka saba tafiya tun suna da ƙuruciya. Hanyar ta mutu tun da mutanen ƙauyen suka tashi, ciyawa ta kai ƙugu, ga raɓa, ga shi lokacin fitowar macizai ne. Sai ya sa sandarsa gaba, yana dukan ciyawa dama da hagu, yana tattakewa, yana karya reshen da zai iya tsone mata ido, yana ture duwatsun da za ta yi tuntuɓe da su. Hannunsa na wannan aiki, idonsa kuwa na can sama yana neman jan gangare. Suka ratsa inuwar kanya da ɗorawa, suka tsallake rafi mai sanyi, birai na leƙensu daga kan rassa. Ita dai tana tafe a hankali, ta yi taku kaɗan ta sunkuya, ta yi taku kaɗan ta sunkuya. Ya ɗauka gwiwa ce ke damunta, sai ya riƙa jefa mata sannu ba tare da ya tsaya ba.

Wajen azahar ya riga ta isa gangaren, ya tarar da shi kore shar. Itatuwa sun girma sun rufe wurin, babu ja ko na magani. Ya zaga bayan duwatsu, ya leƙa kwazazzabai, bai ga ko ɗaya ba. Ga hadari kuma ya soma haɗuwa a gabas, babu halin ƙara gaba. Ya zauna a kan wani falalen dutse, baƙin ciki ya cika shi. Ya wahalar da tsohuwa, ya cinye mata ranar da ba za ta maimaitu ba, kuma bai san da bakin da zai gaya mata ba.

Can sai ga ta ta iso tana haki, ta tattare haɓar mayafinta ta rungume a ƙirji. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar dutse. Na kawo ki a banza, furenki ya ƙaura."

Ta yi dariya, ta zauna kusa da shi ta buɗe mayafin. Cike yake da rumana, har da waɗansu ƙananan furanni farare da rawaya, kowanne da karyayyen kara. Ta ce, "Haba Malam, ai tun daga gindin dutse kake tsinko mini su. Ni da ba na ganin nesa, da suna tsaye cikin ciyawa ina zan gan su? Sandarka ce ke kwantar mini da su a gaban ƙafata, ni kuwa ina tsinta."

Ta ɗauki guda ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ja ne kuwa, yadda na bar shi." Dattijon nan da ya ƙare rayuwarsa yana tuge irin wannan yana yarwa a kunyar gona, ya kau da fuska, wai iska ce ta shigar masa ido. Suka sha furarsu, suka sauko kafin ruwa, wannan karon yana riƙe da hannunta.

Kafin wata daminar idon ya rufe gaba ɗaya. Amma in jikoki suka tambaye ta ko duhun na damunta, sai ta ce a'a, ita abin da ta gani na ƙarshe ja ne, kuma kakansu ne ya ba ta.

Ka ga, shi yana can yana neman abin da zai yi mata, ashe ya riga ya yi shi a hanya bai sani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.