Baƙin Yashin da Doña Fermina Ta Wanke

Duk ƙauyenmu ba mai tsabtar Doña Fermina, kuma ba mai taurin kanta. Ita ke wanke farar rigar da jikarta Itatí za ta sa ran Lahadi, ranar karɓar Jibin Ubangiji na farko a coci. Marigayiya uwar yarinyar ma a cikinta ta karɓa.

Ruwan rijiyarmu da manganis a ciki, wani ƙarfe mai baƙanta kaya da tukwane, ga shi ba ya yi wa yara kyau. Shi ya sa aka gina mana tankin tacewa mai yashi. Mijin ƙanwar Fermina, Nicanor, ke kula da shi.

Da zai tafi asibiti a birni sai ya ba ta makulli. Ya ce ta buɗe famfo da safe kawai, kar ta taɓa yashin, baƙin da ke kansa bakteriya ne masu rai, su ke cire manganis ɗin.

“Bakteriya a ruwan shanmu? Dama na san ka, ƙazami. Ko kofin shayin mate ɗinka ba ka wankewa.”

“Yaya, waɗannan ma'aikata ne. Ki bar su.”

Ina ta ji! Ita dai a asibiti ta san kalmar, kuma cuta ce. Yana juya baya ta leƙa, ta ga baƙi, ta yi alamar gicciye, ta juye jarkar bilic biyu, ta dirje yashin da buroshi. Har tana faɗa wa maƙwabta ta gyara abin da maza suka kasa.

Ran Asabar ta jiƙa rigar. Rigar ta fito da ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa. Sai ta ƙara bilic, alhali bilic da manganis ba sa ga maciji. Riga ta koma kamar tsumman goge murhu.

Nicanor ya dawo, ya shinshina tankin, ya zauna a ƙasa. “Kin kashe su, Yaya. Sai sati shida su sake girma.”

Sati shida muna jidar ruwa daga ƙauyen gaba. Ran Lahadin nan kuwa, Itatí ta shiga coci da rigar aro, tana tambayar ina ta mamanta. Fermina ta kasa ɗaga ido.

Jama'a, don Allah, ba kowane baƙi ne datti ba. In wanda ya san aiki ya ce kar ki taɓa, ki tambayi dalili kafin ki ɗauko buroshi.