Randar sadaka da mai tsaurin ido

Kin tambaye ni me ake nufi da tsaurin ido, ƙanwata. Ni ban iya dogon bayani ba, sai dai in ba ki misalin da gwaggonmu ta taɓa ba ni muna tsince wake a inuwa.

Wai akwai wata maginiyar tukwane da mahaifiyarta ta rasu. Ta yi niyyar gina randa ta ajiye ƙarƙashin tsamiyar bakin hanya, duk matafiyin da ya sha ruwanta, ladan ya isa kabarin tsohuwar. Ta ɗebo yumɓu mafi laushi a bakin rafi, tana gini tana tuna yadda tsohuwar ke son ruwa mai ƙamshin ƙasa. Ta goge cikin randar da dutse har yana sheƙi, ta yi mata murfi daidai bakinta. Ranar gashi matan unguwa suka haɗa tukwanensu a bayan gari kamar kullum, hayaƙi ya kwanta kan gonaki kamar farin mayafi. Da toka ta huce ta je kwasa, ga murfi, babu randa. Ta rungumo murfin ta dawo gida, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana nan sai ga sallama da rana tsaka. Wata mata ce ɗauke da randar a ka, ta ratso gari tana gaisawa da mutane. Ta sauke, ta nemi tabarma, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Yaya, murfi nake so ki yi wa randata, ƙura na shiga." Maginiya ta ɗauko murfin nan, ta ɗora, ya zauna daram. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, wannan ai ta mahaifiyata ce." Matar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta dube ta ido cikin ido ta ce, "To ai shi ya sa na kawo miki. Ina tukuicina?" Kunyar da ya kamata ta kama matar sai ta kama maginiya, ta sunkuyar da kai, ta miƙa mata sabon kasko. Matar ta ƙwanƙwasa shi ta ji ko ya gasu, sannan ta tafi.

Randar dai ta isa gindin tsamiya, matafiya na sha. Wancan kallon kuwa, na wadda ta ci amana ba ta ƙifta ba, shi ne tsaurin ido. Hausawa suka ce: ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.