Kashi Saba'in da Huɗu

Aikin matse bidiyo na kaiwa kashi saba'in da huɗu, kwamfutar ta ɗauke. Karo na shida ke nan. Matar marigayi ta taɓa ƙasanta, ta janye hannu kamar ta dafa dutsen guga.

A ciki akwai bidiyon ranar da katakon bene ya karye da mijinta a wurin gini. Wani lebura ne ya ɗauka, tun daga inda marigayin ke gaya wa masu kamfani cewa katakon ya ruɓe. Leburan ya juye mata, ya goge nasa, ya bar gari. Lauyan agaji ya ce mata ta waya bidiyon ya yi nauyi, sai an matse shi kafin ya turu, kuma azahar ɗin Alhamis kotu za ta rufe karɓar shaida.

Tun farko kwamfutar gurnani take kamar injin markaɗe. Yayan mijinta ya ji, ya girgiza kai. A kamfani ɗaya suke aiki da marigayin, kuma tun rasuwar bai taɓa fashin zuwa gidan ba.

"Ke dai yi takabarki, ƙanwata. Ina raye za ki fita neman mai gyara?"

Ya kai kwamfutar wurin gyara, ya dawo da ita shiru, ko tari ba ta yi. Matar ta yi ta sa masa albarka har da hawaye.

Sai ɗaukewa ta fara. Ta ɗora ta kan bulo biyu. Ta yi mata fifita har kafaɗa ta sage. Ta jera mata ƙanƙara a leda, yaranta suna kallo suna haɗiyar yawu. A banza. Yaya ya ce haƙuri, komai nufin Allah ne.

Ranar Alhamis da hantsi ta kasa haƙuri. Ta naɗe kwamfutar a zane, ta nufi shagon gyaran da sunansa ke manne a murfin. Layi ta tarar. Ana kiran azahar mai gyaran ya kwance ta, ya leƙa ciki, ya yi dariya.

"Baiwar Allah, ai dole ta mutu. Fankar da ke sanyaya ta tana nan cikin durowata. Mutumin da ya kawo ta ne ya ce in cire, wai ƙararta na hana marayu barci."