Ciwon Gwaggo Indo

Minti huɗu Dakta Muhsin yake bai wa kowane mara lafiya, Gwaggo Indo kuwa ta cinye uku ba ta ce uffan ba.

Shekarar da soja suka koma bariki ce. Wani sabon ɗan siyasa yana neman abin da zai nuna wa jama'a, sai ya sa aka shafa wa tsohon sito fenti a Wudil, aka ce nan ne ɗakin duba masu taɓin hankali. Likitan kan zo daga Kano duk Alhamis ɗin farkon wata, da takarda mai tambayoyi ashirin da kwalin ƙwayoyi. Ilimi dai yana da shi. Sai dai a Nasarawa, unguwar manya a Kano, ya tashi, inda ɗa ke zama bakin gadon uwarsa suna kallon talabijin, daga nan kuma sai ƙasar waje.

Indo Achika aka rubuta a katin. Mai yanka kati ma ya yi mita, wai sau uku ya tambayi sunan mara lafiya kafin ta ba shi wannan. Ta shigo riƙe da gefen rigar wani dogon mutum ramamme mai sabon aski.

Likita ya nuna mutumin ya tambaye ta ko wane ne, ta juya wa bango fuska. Ya nemi sunansa, ta ja mayafi ta rufe baki. Da ya ce ko ɗanta ne, sai ta ce, "Ɗan mutane ne."

Nan mutumin ya yi gyaran murya. Muryar a dushe take. Ya ce sunansa Labaran, ɗanta ne, dā malamin firamare ne. Tsohuwa ta zabura ta saci kallonsa, hawaye suka zubo mata. Likita ya rubuta: kuka ba dalili. Ya tambayi Labaran halin da ake ciki a gida, shi kuma ya jero masa: ba a barci, abinci ba ya wucewa, sai a ji kamar an aza wa mutum dutse a ƙirji. Likita ya ji daɗi ƙwarai. Bai taɓa samun ɗan rakiyar da ya san ciwo haka ba.

Barakatu, nas ɗin da ke taimaka masa, ta matso ta raɗa masa cewa ɗan fari ne fa, a ƙauye uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, kunya ce kawai. Ya ce da al'ada ake fakewa har ciwo ya ci mutum. Ya sa aka yi wa Gwaggo allura, ya ɗaure ƙwayoyi, ya ja wa Labaran kunne: kada ya bar ta ita kaɗai, ya tabbatar ta ci, ya riƙa fita da ita tana motsa ƙafa.

Wata ya zagayo suka dawo. Labaran ya ce allurar nan kwana biyu ta shimfiɗe ta, dole shi ya jawo ruwa, ya dama kunu, ya yanko wa awaki ciyawa. Kumatunsa sun ɗan ciko. A ganinsa jikinta ya yi sauƙi. Likita ya sake nuna shi ya nemi suna, Gwaggo ta sake kallon bango. Aka ninka ƙwaya.

A wata na uku a keke ya goyo ta. Geronsa ya kai ƙugu, in ji shi, yana kuma koya wa yaran maƙwabta lissafi a zaure, bakinsa har ba ya rufuwa. Tsohuwa dai tana nan inda take. Abin da ya ɗaure wa likita kai shi ne, ƙwayar da zai bai wa bijimin kasuwar shanu ta Kara ya kwanta, ita ko hannunta bai yi rawa ba, idonta tar. Maimakon ya yi shakkar takardarsa, sai ya yanke cewa ciwon ya fi ƙarfin ƙwaya. Ya rubuta a kai ta babban asibiti a Kano a kwantar da ita, wata uku ko fiye, ba a zama da ɗan jinya. Da motarsa za a wuce yau.

Labaran ya zame ya zauna a ƙasa, ya zuba wa siminti ido.

Tsoro ya kama Gwaggo Indo sosai. Ta dubi Barakatu ta ce ta faɗa wa wancan ya je ya sayo mata goro. Sai da Barakatu ta maimaita sau biyu kafin ya miƙe.

Yana fita tsohuwa ta kwance haɓar zaninta, ta zazzage ƙwayoyin wata biyu a kan tebur, ko ɗaya babu cizo. Likita ya fusata, ya ce in ba za ta sha magani ba me ya kawo ta ɓata masa lokaci.

"Likita, don Allah ka bar ni da ciwon nan nawa a gida, yana yi mana amfani," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, tana leƙen ƙofa. "Kuma kar ka faɗa masa. Shekara biyu yaron nan bai fito ɗaki ba, bai yi wa kowa magana ba, sai ranar da ka tambaye ni na yi shiru ya amsa. Shi na kawo maka."