Azarar Ɗakin Inna Atika

"A sare ta yau ɗin nan," in ji Maniru, yana dafe da ƙulu a goshi, hularsa a ƙasa.

Karo na uku ke nan yana gwara kai da azarar ɗakin mahaifiyarsa, Inna Atika, tun da ya zo Bodinga hutu daga Sakkwato. Wannan karon kuwa a gaban abokan aikinsa da suka kawo masa ziyara aka yi, har wani ya ƙunshe dariya. To, kun san ɗan ofis da jin kai. Nan take ya aika aka kira magini, wani dattijo, ya zo da zartonsa.

Inna Atika ta ce, "Ɗan nan, ita ke riƙe da rufin, ga damina ta ƙarato. Ina zan kwana?"

"Inna, aikin jahilci ne. Wane marar tunani ne ya sa mutane shiga ɗaki a duƙe kamar awaki?"

Magini ya dubi azara, ya dubi ƙasa, ya ƙwanƙwasa tayil mai sheƙi da zarto.

"Alhaji, ni da marigayi babanka munka ɗora ta. Ya fi ka tsawo, kuma da rawaninshi yake wucewa."

"To, saukowa ta yi ke nan."

"Tana inda munka bar ta. Bara ne wani ya aiko daga birni, wai daɓen ƙasa abin kunya ne. Anka cika ɗakin da ƙasa kusan kamu guda, anka shimfiɗa wannan abin."

Inna Atika ta ɗauki hular, ta kaɗe, ta miƙa wa Maniru.

"Marar tunanin da kake nema, ga hularshi nan."