Tusar Aro

Kafinta ya farfaɗo daga aikin zuciya da ɗinki tun daga ƙasan wuya har bakin ciki, amma ba ɗinkin ne ya dame shi ba. Yunwa ce. Mutum ne da ko a shago, guduma na hannun dama, loma na hannun hagu.

Likita ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce bayan babban aiki irin wannan hanji yakan yi barci, wani lokaci har ya ƙi tashi. Ba za a ba shi abinci ba sai an tabbatar hanya ta buɗe, kuma alamar buɗewarta, a gafarce ni, ita ce fitar iska.

Kullum da safe nas za ta tsaya a kansa. "Baba, an samu?"

"'Yata, ki ji tsoron Allah. Da furfurata kike min wannan tambaya?"

"An samu ko ba a samu ba?"

"Ba a samu ba."

Sai ta gyara ƙarin ruwa ta wuce, shi kuwa ya bi ƙamshin abincin ɗakin gaba da hanci.

A gadon da ke kusa da shi akwai wani tsohon direba, shi ma aikin zuciya, shi ma jira yake. Ran nan surukan direba suka zo dubiya, suka jeru a kan benci ana ta gaishe-gaishe. Ana cikin haka abin ya kufce wa direba, da ƙara kamar an yaga buhu. Direba ya runtse ido, ya so ƙasa ta tsage.

Nas ta leƙo da murna. "Wane ne?"

Kafinta ya ɗaga hannu. "Ni ne, 'yata. Alhamdulillahi."

Direba ya dube shi kamar ya biya masa kuɗin aikin gaba ɗaya. "Sannu, maƙwabci. Allah ya ƙara sauƙi."

Aka ce to, a fara masa da ruwan shayi, cokali-cokali. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya kira matarsa a waya ya ce likita ya sake shi ya ci abinci.

"Baban yara, ka tabbata?"

"Ke, ni za ki koya wa cikina? Shinkafa da kaza, ki rufe da zane kada 'yan sa ido su gani."

Da ta kawo, ya ja labule ya tashi da kwano, har ƙashi bai bari ba.

Zanen aro dai ba ya rufe katara. Kafin la'asar ciki ya ɗaure tamau, ya kumbura kamar ganga. Nas ta tambaya, ya ce lafiya lau, don in ya faɗi ciwon, ƙarya ta tonu. Ya ja bargo ya rufe tulun cikinsa yana gumi.

Direba ya raɗa masa, "Maƙwabci, ka mayar min da abina, ka faɗa musu gaskiya. Ga shi ni ma an hana ni shayi saboda kai."

"Rufe min baki! Kyauta ba a karɓe ta."

Washegari amai ya ɓalle, kore shar, kowane yunƙuri kamar zai tsinke ɗinkin ƙirji. Sai a lokacin direba ya ajiye kunya ya faɗa wa likita yadda aka yi. Aka gangara da Kafinta ɗakin tiyata a guje. Wani sashe na hanjin ya riga ya mutu, dole aka yanke shi. Ya fito da ransa da ƙyar, da jaka manne a gefen ciki inda bahaya ke fita. Mutumin da ya ji nauyin tambaya ɗaya, yau matarsa ke zubar masa da jakar nan safe da yamma, gudumarsa na can shago tana tsatsa.

Jama'a, wanda aka yi wa babban aiki, in ciki ya kumbura, ko ya yi ciwo, ko iska ta ƙi fita, ya faɗa nan take, kuma kada dangi su kai abinci a ɓoye. Likita ba suruki ba ne da za a ji kunyarsa. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.